Mai Binne Ba Ya Jiran Hadari

A ƙarshen bazara, lokacin da rana ta kai intaha, ƙasa ta bushe ƙamas, iska kuma ba ta ɗauke da komai sai ƙura, wanda ya bi hanyar Sankara ko Kyarama daga Ringim da sassafe zai iya cin karo da wani aiki mai ba baƙo mamaki. Magidanci ne a gaba da sungumi, yana tafe yana saran ƙasa, taku ɗaya sara ɗaya. Yaransa na biye da ƙoƙon iri. Kowa ya tsami gero da yatsu uku, ya jefa a rami, ya tura ƙasa da diddige, ya wuce. Ko ɗigon ruwa bai sauka ba, sama kuwa wasai, babu alamar hadari a gabas. Wannan shi ne binne.

Wanda bai san noma ba zai ce ganganci ne, alhali lissafi ne mai zurfi. Daminar wannan yanki gajeriya ce, ba ta cika wuce wata huɗu ba. Geron da ya samu ruwan farko yakan riga ciyawa tashi, yakan kuma nuna kafin ruwa ya ɗauke. Amma akwai kasada. In yayyafi ya sauka, iri ya tsiro, sannan ruwa ya tsaya mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone ke nan. Ɓeraye da zabi da tsuntsaye ma suna tono nasu rabon. Manomi ya san duk wannan. Ya kuma san hatsin da yake zubawa a busasshiyar ƙasa daga bakin iyalinsa ya cire shi, a daidai lokacin da rumbu ya fara nuna gindi. Duk da haka yakan shuka, in ya lalace ya sake shukawa. Da za a tambaye ni inda za a kai yaro ya ga dogaro ga Allah da idonsa, gonar mai binne zan ce a kai shi.

Na faɗi haka ne domin akwai wata fahimta da ta yi katutu a tsakaninmu, cewa mai tawakkali shi ne wanda ya naɗe hannu ya zauna a dandali yana cewa bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Maganar gaskiya ce, sai dai an yanke mata rabi. Malamai sun sha karantar da mu labarin Balaraben ƙauyen da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya haɗa biyun. Haka tsuntsun da ake buga misali da shi wajen samun arziki ba a sheƙa yake wuni ba, fita yake da yunwa tun da duku-duku. Nana Hajara kuwa, a kwarin da babu shuka babu ruwa, sai da ta yi ta kai da komo tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai. Abin lura a nan shi ne, ruwan bai ɓullo a kan duwatsun da take hawa ba, a wurin da ta kwantar da jaririnta ya ɓullo. Fafutuka tata ce, amma wurin da buɗi zai fito ba ita ta zaɓa ba.

Tarihin ƙasar Ringim cike yake da irin wannan. Kakanninmu sun ga yunwar da aka yi wa laƙabi da Kakalaba a 1913 zuwa 1914, wadda ta girgiza ƙasar Kano baki ɗaya, Ringim kuma a lokacin gunduma ce a ƙarƙashin Kano. An yi yunwar 'Yar Gusau a wajejen 1942. Waɗanda suka manyanta a yau sun ga farin 1972 zuwa 1974 da idonsu, sun ga shanu suna faɗuwa a kan hanya, sun kuma ga na 1984. A cikin wannan tarihi, labarin gyaɗa ya fi kowanne kama hankalina. Tun da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya ratsa ta Ringim, garin ya zama tashar gyaɗa. Da kaka ta yi, ga 'yan baranda, ga masu awo, ga buhuna jibge suna jiran jirgi ya kwashe zuwa Kano, inda ake gina dalar gyaɗa. Da kuɗin gyaɗa ake biyan haraji, da shi ake aure, da shi ake sayen keke da rediyo. Sai fari ya zo ya raunana ta, sannan a 1975 cutar nan da ƙwarin darɓa ke yaɗawa, wadda ke sa gyaɗa ta tsuke ta ƙi yin 'ya'ya, ta share gonaki a faɗin Arewa. Dala ta ɓace, ba ta sake dawowa ba.

Mutumin da ya rayu a wannan lokaci yana da hujjar ganin kamar duniya ta ƙare, domin ƙofa ɗaya ya sani, ita ce kuma aka rufe. Ba zai taɓa kawowa a ransa ba cewa riɗi, wanda ake ɗan yafawa a gefen gona, da zoɓorodo, wanda ake shukawa a kan iyaka don a raba gona da gona, su ne wata rana za a riƙa lodawa a manyan motoci daga kasuwannin Jigawa zuwa tashar jirgin ruwa, a kai su ƙasashen waje. Haka ba zai yarda ba in aka ce masa jikansa zai girbi shinkafa da alkama a tsakiyar rani, da ɗan injin ban ruwa da ƙaramar rijiyar burtsatse, a fadamar da shi yake ban ruwa da jigo. Ba cewa nake an daina wahala ba. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya ƙura wa rufaffiyar ƙofa ido yakan makara wajen ganin wadda aka buɗe a bayansa.

A shekarun baya-bayan nan kuwa, ba ƙarancin ruwa ne ya fi tsorata mutanen Ringim ba, yawansa ne. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil, ya ratsa ƙasar Ringim, ya nufi Haɗeja da dausayin Nguru. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, suka sauya yadda ruwan ke tafiya. Yashi ya cike cikin kogi, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa a can ƙasa. Saboda haka duk shekarar da sama ta yi yawa, madatsun suka cika suka tumbatsa, ruwa sai ya nemi hanya ta cikin gonaki da gidaje. A 2022 abin ya yi muni ƙwarai. Mutum fiye da 600 suka rasu a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, Ringim kuma na cikin ƙananan hukumomin da ruwa ya ci. Shinkafar da ta fara fitar da kai ta nutse. Gidajen ƙasa suka jiƙa suka zube. Iyalai suka tare a azuzuwan makarantu, inda ake bi da babur aka koma bi da kwalekwale.

Wanda ya je jaje a irin wannan lokaci ya san yadda gaisuwar take. Ka ce wa dattijo, “Baba, yaya muka ji da wannan abu?” Ya ce, “Sai haƙuri, ɗana. Wanda Ya ba mu Shi Ya karɓa.” Ka ce, “Allah Ya mayar da alheri.” Ya ce, “Amin, Allah Ya ba da lada.” Baƙo zai ɗauka saduda ce. Amma ka dawo bayan wata biyu, lokacin da ruwa ya janye ya bar laka mai taushi, za ka tarar da wannan dattijon a fadama, ya ranto iri, yana bin danshi yana shuka kankana da wake, yaransa na gyaran kwami don albasa da tumatir. Haƙurin da ya ambata ba na zama ba ne. Kuma kada a yi mini mummunar fahimta: wanda ruwa ya tafi da ɗansa, babu lakar da za ta zame masa diyya. Akwai rashin da ba a cike gurbinsa a duniya, sai dai a roƙa wa mai shi dangana.

Duk manomin wannan yanki ya san gawo. Da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi shar, shi kaɗai ke tsaye tsirara, ya zubar da ganye, sai ka rantse ya mutu. Da rani ya shigo, sauran itatuwa suka kaɗe, sai ya yi kore, ya ba da inuwa, ya zubo wa awaki da tumaki 'ya'yansa a lokacin da babu ciyawa. Ganyen da ya zubar kuwa taki ne, shi ya sa geron da ke ƙarƙashinsa yake fin na fili kyau. Rayuwar wasu bayin Allah haka take. Tsaranka sun yi aure, sun samu aiki, sun yi gini, kai kana nan da takardar shaidar kammala karatu a cikin jaka shekara da shekaru. Mace ta daɗe a ɗakin miji ba haihuwa, dangi sun fara ƙus-ƙus. Ɗan kasuwa jarinsa ya karye, waɗanda ya koya wa ciniki sun wuce shi. Wanda ya ga gawo a watan Agusta ya sare shi don ya ɗauka busasshe ne, ya yi wa kansa asarar inuwar Maris.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun ga wani abu makamancin haka a gonakinsu. A farkon shekarun 1980 ƙasarsu ta zama fili fetal, dashen itatuwa kuma ya ƙi kamawa. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sharewa duk shekara lokacin sassabe tofon kututture ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta buƙatar kuɗi: a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga dabbobi da gatari. Bayan yunwar 1984 manoma suka rungumi abin, wannan ya koya wa wancan. An ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 ne suka farfaɗo a kan hekta kusan miliyan 5, galibi a yankunan Maraɗi da Damagaram. Abin da suke roƙo yana ƙarƙashin ƙafarsu tun da daɗewa, su ne suke sare shi da hannunsu.

Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika son taɓawa ba. Sau da yawa masu riƙe da madafun iko su ne suka fi kowa saurin cewa talaka ya yi haƙuri, daga Allah ne. Daga Allah ne, babu shakka. To amma Annabi Yusuf (AS), da ya fassara mafarkin sarkin Masar na shekara bakwai na yalwa da bakwai na fari, bai tsaya ga fassara ba. Ya ba da shawarar a ajiye hatsi a cikin zangarniyarsa, kamar dai yadda iyayenmu ke jera damma a rumbu ba tare da an sussuka ba, sannan ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa. A shekarar fari ta zamanin Sayyidina Umar, wajen shekara ta 18 bayan hijira, Halifa ya fita roƙon ruwa da jama'a, amma kuma ya aika wa gwamnoninsa, ciki har da Amru ɗan Asi, su turo abinci, ya kafa wuraren ciyarwa, ya haramta wa kansa cin mai da nama har talakawa su samu. A yau kuwa, hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA tana fitar da jerin wuraren da ambaliya ka iya shafa. Shugaban da ya karɓi wannan gargaɗi bai yashe kogi ba, bai gyara jinga ba, bai tanadi hatsi ba, ba shi da bakin yi wa kowa wa'azin ƙaddara.

Tsoro kansa ba laifi ba ne. Wanda ya kwana yana jin kukan yaro na yunwa dole gabansa ya faɗi, wannan ba ya nuna raunin imani. Inda haɗarin yake shi ne tsoron talauci ya riƙe wa mutum linzami. Shi ke sa manomi ya sayar da gonar gado a watan Yuli kan kuɗin da ba za su kai shi kaka ba, ko ya karɓi bashin buhu ɗaya a kan zai biya biyu. Shi ke kai matashi ga caca a waya da ƙwaya. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta masarautar Ringim, jama'a suka fito ɗibar fetur, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu. Ba ni da bakin zargin mamaci, domin na san abin da tsadar rayuwa ta yi wa mutane tun da aka janye tallafin mai a 2023. Amma masu rai ya kamata su tsaya su yi tunani a kan inda matsi ke iya tura mutum.

Arzikin da Allah ke aiko wa mabuƙaci ba daga gajimare yake faɗowa a ƙunshe ba, galibi ta hannun wani bawa yake biyowa. Shari'a ta riga ta yanka rabon: amfanin gonar da ya kai nisabi, in ruwan sama ne ya shayar da shi, ɗaya bisa goma ake fitarwa, in da inji ko jigo aka shayar, ɗaya bisa ashirin. Kai da rumbunka ya cika bara, kai da ka sayar da riɗi ko alkama da daraja, ka fitar da wannan haƙƙi cikakke ranar girbi, kada ka tsaya jiran kwamitin zakka ya ƙwanƙwasa maka ƙofa. Sannan ka ware wani abu na sadaka ka ajiye wa watan Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, kwanon gero kuma ya fi tsada a kasuwa. Ka fara da gidan da ke jikin katangarka, kuma kada ka jira sai maigidan ya zo ya roƙa, don mai mutunci ba zai zo ba.