Garaɓasar caca ta ja baya, amma masu buga ta a waya a Gumel ba su ja ba

Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai ya san gyara. Ka miƙa kuɗinka, a ƙirga maka, sannan mai ƙosai ta jefa ɗaya ko biyu a kai domin gobe ma ka dawo wurinta. Da irin wannan fahimta matasa da dama a Gumel da Maigatari suka karɓi abin da kamfanonin cacar intanet ke kira bonas, su kuma suke ce masa garaɓasa: ka zuba naira 5,000 a asusunka, ka ga an rubuta maka 10,000.

Yanzu ƙorafin da ake ji a gidajen kallon ƙwallo da majalisun dare shi ne gyaran ya ƙanƙance. Wanda ya daɗe yana bugawa ba ya ganin komai sai ɗan abin da bai kai ya kawo ba, shi ma ɗaure da sharuɗɗa. Ba kuma ƙorafi ne da ake ɗaga murya a kansa ba. Jigawa na bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma babu yaron da ya yi Islamiyya da bai san hukuncin caca a Suratul Ma'ida ba. Don haka wanda aka rage wa garaɓasa ba shi da wurin kai ƙara, sai abokin da suke bugawa tare.

Shagon caca abu ne da hukuma ke iya garƙamewa. A watan Oktoban 2024 Hisbar Kano ta rufe shaguna 30 a samame guda. Amma shagon da ke cikin aljihu ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo. Data ta naira 200 da mai POS a bakin tasha sun wadatar, ko a Gagarawa kake ko a Sule Tankarkar.

Sabon layi, sabuwar garaɓasa

Garaɓasa mafi tsoka ta maraba ce, wadda ake bai wa sabon shiga sau ɗaya tak. Shekarun baya matasa sun gano hanyar zagaye wannan: a sayi sabon layin waya, a buɗe sabon asusu, a ci garaɓasa, a jefar da layin. Wasu har layin mahaifiya da na ƙanne sai da suka yi amfani da su.

Wannan ƙofa ta tsuke, kuma ba kamfanonin caca kaɗai suka tsuke ta ba. A watan Disamban 2023 Babban Bankin Najeriya ya umarci a haɗa kowane asusu da lalitar waya da lambar BVN ko NIN. Hukumar sadarwa ta NCC kuma ta sa 14 ga Satumban 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe na haɗa layi da NIN. Tun da sunan da ke kan asusun caca dole ya dace da na asusun da za a tura wa kuɗi, mutum ɗaya ya koma mutum ɗaya. Da yawa daga masu cewa an rage garaɓasa, a gaskiya sun daina zama sababbi ne.

Lissafin da ba a karantawa

A nan ne gyaran mai ƙosai ya rabu da na kamfani. Ƙosan da aka ƙara maka naka ne, ka ci ko ka ba almajiri. Kuɗin garaɓasa ba ka isa ka cire shi ba sai ka juya shi sau adadin da aka gindaya, kuma wannan adadi yana can ƙasan shafi da ƙananan haruffa, da Turanci.

A ce ka zuba naira 10,000, an ƙara maka 10,000, da sharaɗin juyawa sau 35. Ma'ana sai jimillar abin da ka buga ta kai naira 350,000 kafin a sakar maka. To kowane wasa an gina shi ne yadda kamfani zai riƙe wani kaso. Wasan jirgin nan na Aviator, wanda kamfanin Spribe ya fitar, masu shi da kansu sun ce yana mayar da kashi 97 cikin 100 na abin da aka zuba, wato suna riƙe kashi uku. Kashi uku na 350,000 naira 10,500 ne. Kafin ka cika sharaɗin, a matsakaicin lissafi, garaɓasar ta koma inda ta fito, har ta ja naira 500 daga cikin naka.

A cacar ƙwallo salon ya ɗan bambanta. Sau da yawa akan ce sai ka jera wasanni da dama a tikiti ɗaya. Kowane wasa da ka ƙara, ƙarin dama ce tikitin ya yanke. Wanda ya taɓa ganin matashi ya dafe kai a minti na 90 saboda wata ƙungiyar da bai san ƙasarta ba, ya ga wannan sharaɗin yana aiki.

Hukumomin wasu ƙasashe sun yi wannan lissafin. A watan Maris na 2025 hukumar kula da caca ta Birtaniya ta sanar da cewa sharaɗin juyawa ba zai ƙara wuce sau 10 ba. A mayar da misalinmu kan wannan doka: juya 10,000 sau 10 ya zama 100,000, kamfani ya riƙe 3,000, saura 7,000 ya fita daga aljihunsa da gaske. Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane dalilin da zai sa kamfani ya rage girman kyautar da zarar ta fara zama kyauta. Brazil ma ba ta tsaya ragi ba. Da ta fara aiki da sabon tsarinta a ranar 1 ga Janairun 2025, garaɓasar maraba ta haramta ɗungurungum.

A Najeriya matsin ta wata fuska ya zo. Ranar 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, a ƙarar da jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce ban da Abuja, jihohi ne ke da hurumi. Daga farkon 2025 kuma dokar cire haraji daga tushe ta tanadi kashi biyar cikin 100 a kan abin da mazaunin ƙasa ya ciwo. A ganina, kamfanin da kuɗin gudanarwarsa ke ƙaruwa, kuma ya riga ya kama kasuwa, ba shi da dalilin ci gaba da zuba tsaba ga kajin da suka riga suka shiga akurki.

Ina suka nufa?

Da garaɓasa ce ke sa a yi caca, da raguwarta ta kawo sauƙi. Abin da nake gani a ƙasa ba haka ba ne. Wasu sun koma yawon manhajoji, suna barin sanannun kamfanoni zuwa waɗanda ba a san ofishinsu ba, saboda su ne har yanzu ke alƙawarin ninki biyu da uku. Zuba kuɗi a irin waɗannan daƙiƙa ce, cirewa kuwa sai addu'a. Wasu sun faɗa hannun masu sayar da "tabbataccen sakamako" a Telegram da WhatsApp. Wasu kuma sun bar ƙwallo, mai sa mutum jiran Asabar, sun koma jirgi, wanda ke tashi ya faɗi cikin daƙiƙoƙi, dare da rana.

Akwai ɗan ƙanwar mahaifiyata da ke lodin dabbobi a kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kasuwa ta yi sanyi, shi kuma ya samu lokaci da waya. Da garaɓasa ya fara, yana ce wa kansa ai ba kuɗinsa ba ne. An buɗe iyaka ta ɓangaren Najeriya a Maris na 2024, aiki ya fara dawowa, garaɓasa ta ƙare, shi bai daina ba. Ban san zurfin abin ba sai ranar da wata manhajar bashi ta turo mini saƙo, ni da duk wanda lambarsa ke cikin wayarsa, tana kiransa ɓarawo a kan kuɗin da bai kai na buhun gero ba. Da na zaunar da shi, kansa a ƙasa, abin da ya fi damunsa shi ne kada Inna ta ji. Na biyu, wai da an bar masa garaɓasar da ya farfaɗo.

Mun biya bashin, ya goge manhajojin a gabana. Wata uku bai taɓa ba, a iya sanina.

Sai dai kamfanonin ba su daina kyauta gaba ɗaya ba, sun dai canza wanda suke bai wa. Mai bugawa kullum ba ya buƙatar lallashi. Wanda ya yi shiru shi ake nema. Makon jiya ya nuna mini saƙon da ya shigo masa da sassafe: an yi kewarsa, ga naira 1,000 kyauta idan ya dawo kafin Lahadi. An fara yankan riɗi, kuɗin kaka na gab da shigowa hannu, kuma bai goge saƙon ba.