Ƴan mishan da yaran da ba su da dangi: misalin gidan ƴantattun bayi na Rumasha (1909-1925)

1. Gabatarwa

Wannan ƴar takarda tana duban tambaya guda: mene ne dalilin da ya sa ƙungiyoyin mishan na Turai suka fi samun shiga ƙasashen Musulmi ta hanyar marayu da ƴantattun bayi? Za mu ɗauki misali daga arewacin Najeriya, bayan mun waiwayi abin da ya gabace shi a Aljeriya.

2. Abin da ya faru a Aljeriya

A lokacin yunwar 1867-1868, babban limamin Katolika na Alje, Charles Lavigerie, ya tattara marayu fiye da dubu. Gwamna MacMahon ya so a mayar da su ga kabilunsu bayan yunwa, Lavigerie ya ƙi. A shekara ta 1868 ya kafa ƙungiyar Pères Blancs, daga baya kuma aka gina wa marayun da suka girma ƙauyuka na Kirista a kwarin Shalif, kamar Saint-Cyprien des Attafs. Tun nan aka ga gardamar da za ta sake tasowa a wasu wurare: ceton rai ba ya da abokin musu, amma wa ke da ikon zaɓa wa yaron addini da makoma?

3. Daga Zungeru zuwa Rumasha

Dokar bauta da Lugard ya fitar a shekara ta 1901 ta haramta farauta da cinikin bayi, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Ba ta ƴanta bayin da ke hannun iyayengijinsu kai tsaye ba. Sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya. Saboda haka fatake suka koma safarar yara a ɓoye, tun da yaro ya fi sauƙin ɓoyewa, ana iya cewa ɗan gida ne. Da yawa daga waɗanda aka ƙwato sun fito daga Adamawa, wasu ma ba su san sunan garinsu ba. Gwamnati ta buɗe masu gidaje a Zungeru da Barno, amma ɗaukar nauyinsu ya yi mata tsada.

A ɗaya gefen, Lugard ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addininsu ba, don haka aka taƙaita shigar ƴan mishan masarautun Musulmi. Bukatu biyu suka haɗu ke nan: gwamnati tana neman inda za ta sauke kaya, mishan tana neman almajirai. Ƙungiyar Sudan United Mission, wadda Bajamushe Karl Kumm ya kafa a Ingila a 1904, ta gina gida a Rumasha, bakin kogin Binuwai, da sunan matarsa Lucy wadda ta rasu a 1906. A shekara ta 1909 aka miƙa mata yaran Zungeru. Daga baya an mayar da gidan Wukari, aka rufe shi a 1925, lokacin da yaran da ake ƙwatowa suka ragu.

4. Me gidan ya ba su, me ya karɓe?

Yaran sun samu abinci, magani, karatu da sana'a. Tun da harsunansu dabam-dabam ne, Hausa ta zamanto harshen da ya haɗa su, kamar yadda ta zama harshen aikin mishan a yankin Binuwai da Filato. Wasu daga cikinsu sun zama malamai da masu wa'azi.

Sai dai a kwatanta wannan da riƙo irin na ƙasar Hausa. Ɗan riƙo yana girma a gidan gwaggo ko kawu, amma sunan ubansa, gadonsa da danginsa suna nan. Yaron Rumasha kuwa bauta ta riga ta yanke masa asali, mishan ta zame masa uwa da uba, ita ce mai ba shi addini, sau da yawa har da suna da abokin aure. Ba shi da wani babba nasa da za a nemi yardarsa. Wannan rashin waliyyi shi ne ya buɗe wa mishan ƙofar da doka ta rufe mata a Kano ko Katsina.

5. Kammalawa

Kuskure ne a ɗauki wannan aiki a matsayin tausayi zalla, kuskure ne kuma a ce dabara ce kawai ta mulkin mallaka. Abubuwan biyu sun tafi tare. A ƙasar Nijar, inda ƙungiyar SIM ta sauka Damagaram a 1924 ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950, ya kamata masu bincike su yi wa tarihin marayun da suka tashi a hannun mishan irin wannan tambaya: ta wace hanya yaron ya zo, wa ya miƙa shi, kuma me shi kansa ya ce game da rayuwarsa bayan ya girma?