Zaɓen Irin Agwagwa don Ƙwai da Hayayyafa a Gida

Wanda zai fara kiwon agwagi a tsakar gida yakan so abu biyu a lokaci guda: ya riƙa tsintar ƙwai kowace safiya, kuma garkensa ya riƙa ƙaruwa. Abin lura shi ne, da wuya agwagwa ɗaya ta haɗa waɗannan halaye biyu. Dalili kuwa a jikin tsuntsuwar yake. Muddin agwagwa ta shiga kwanci, wato ta zauna kan ƙwai don ta ƙyanƙyashe, to ta daina saka ke nan har sai ta gama renon ƴaƴanta. Saboda haka irin da ya iya kwanci ba ya yawan ƙwai, irin da ke yawan ƙwai kuma an zaɓe shi ne tsawon shekaru har ya kusa manta kwanci.

Agwagwar gida

Agwagwar da aka saba gani a unguwannin Maraɗi da Damagaram da Kano, mai jan nama kewaye da ido da gindin baki, ita ce masana ke kira Maskobi. Asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, ko da yake ta daɗe a Afirka ta Yamma har ana ganin kamar nan aka halicce ta. Ba ta da kuka irin na sauran agwagi. Namijin, wanda ake ce wa toro, huci kawai yake yi. Toro yakan kusa ninka macen a nauyi, yana iya kai kilo 5 ko fiye.

Wannan iri ba ya saka ƙwai a jere duk shekara. Macen takan tara kamar 10 zuwa 15 a wani lungu da ta ɓoye, ta shimfiɗa musu gashin ƙirjinta, sa'an nan ta kwanta kwana 35. A nan ne ƙimarta take. Ba ta tashi daga kan ƙwai don ƙaramin tsoro, tana kare ƴaƴanta, kuma takan maimaita haka sau biyu ko uku a shekara. Ga ta da neman abin kanta: ƙudaje da gara da ciyawa da ragowar tuwo duk ci take yi, mai gida sai ya ƙara mata dusa da ƴar tsaba. Amma wanda ya riƙe ta don ya riƙa sayar da ƙwai kullum, zai sha jira.

Masu yawan ƙwai

Sauran agwagin gida duka jikokin wata agwagwar daji ce da ake kira malad, kuma ƙwansu kwana 28 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe. Wadda ta fi suna wajen ƙwai ita ce Kaki Kambel. Wata mata mai suna Campbell ce ta samar da irin a Ingila a ƙarshen ƙarni na 19, launin gashinta kuwa irin na kakin soja ne, daga nan sunan ya samo asali. Ƙarama ce, ba ta cika wuce kilo 2 ba, amma idan ta sami kulawa tana iya saka ƙwai har wajen 300 a shekara. Cikin kakanninta akwai wata mai tsayuwa a miƙe kamar kwalba, wadda Turawa suka laƙaba wa suna “mai gudu ta Indiya”, alhali daga tsibiran Indunusiya ta fito. Ita ma gwanar ƙwai ce, ita ma ba ruwanta da kwanci.

Sai dai ƙwai 300 ba daga dusa kaɗai yake fitowa ba. Kaki Kambel tana bukatar abinci mai gina jiki kullum, da abin da zai ƙarfafa ɓawon ƙwai kamar dakakken ƙashi ko ɓawon kawa. In aka sake ta ta yi kiwon kanta kamar agwagwar gida, ƙwan zai ja baya sosai. Kuma a kula da tunkuza: idan ta yi fumfuna takan ɗauki wata guba da ake kira afalatoksin, wadda ƴaƴan agwagwa ba sa jure mata ko kaɗan.

Ita kuwa farar nan babba da ake kira Fekin, wadda aka kai Amurka daga ƙasar Sin a 1873, ta nama ce. Tana ƙwai daidai gwargwado, amma cinta ya yi yawa ga mai ƙaramin gida.

Haɗa iri biyu

Dabarar da ta fi dacewa, a ganina, ita ce mutum ya riƙe iri biyun, kowa da aikinsa. Kaki Kambel ta saka, agwagwar gida ta kwanta. Idan Maskobi ta shiga kwanci, sai a kwashe ƙwanta a jera mata na Kambel. Ba za ta bambance ba. Kada dai a gauraya iri biyun a rana ɗaya. Na Kambel za su riga fitowa da mako guda, uwar ta tashi da su, nata su huce su zama baragurbi. Kaza mai kwanci ma tana iya wannan aiki, ko da yake nata ƙwan kwana 21 ne.

Inda ake yawan kuskure shi ne wajen toraye. Maskobi da jikokin malad ba jinsi ɗaya ba ne. Suna barbara, wani lokaci kuma ƙwan ya ƙyanƙyashe, amma abin da aka samu tamkar alfadari ne tsakanin jaki da goɗiya: yana girma, yana da nama, ba ya haihuwa. A Faransa da gangan ake yin wannan haɗi, don nama da kitsen hanta. Ga mai son garkensa ya ɗore kuwa, asara ce da ba ya ganewa sai bayan watanni. Don haka a raba musu wurin kwana da na kiwo, kowane toro da mata huɗu ko biyar na irinsa.

Ba dole sai da tafki ba. Daro mai zurfin da za su iya tsoma kai gaba ɗaya ya isa, in dai ana canza ruwan kullum. Kuma da yake agwagi da sassafe suke saka ƙwai, a bar su a akurki har wajen ƙarfe 9 kafin a buɗe musu, in ba haka ba a cikin shara da ƙarƙashin rumbu za a riƙa nemansa.