Gida a kan taya: yadda iyali ke zaɓen hanya da masauki daga Paris zuwa bakin teku

Da zarar an rufe makarantu a farkon watan Yuli, magana ɗaya ce ke tashi a gidajen ƴan Nijar mazauna Faransa: bana za a je gida ko kuwa? Tikitin jirgi na mutum biyar ko shida ba abin wasa ba ne, ga tsarabar dangi, kuma tun da Air France ya dakatar da zuwa Yamai a Agustan 2023 sai an zagaya ta Kasablanka, Istanbul ko Addis Ababa kafin a ga kogin Isa. Shekarar da aljihu bai kai ba, uwaye ba sa son yara su yi wata biyu kulle a bene suna kallon waya. A nan ne wasu ke fara tambayar farar motar nan mai kama da ɗaki, wadda Faransawa ke kira camping-car, mu ce kamfin-kar.

A cikinta akwai gado, murhun gaz, firijo, tankin ruwa, banɗaki da wurin wanka. A hoto sai ka ce ana hawa ana tafiya. Amma wanda ya taɓa tuƙa iyali daga Yamai zuwa Damagaram ya san tun kafin a tada inji ake yanke shawarar inda za a sha mai, inda za a yi sallah, da inda dare zai riski mutane, ko Ƙonni ko Maraɗi. A Faransa ma haka ne, sai dai kuskuren can ana biyansa da yuro.

Bari mu ɗauki tafiyar da ta fi yawa: miji da mata da yara uku, daga yankin Paris zuwa Sète a bakin Bahar Rum, kusan kilomita 800.

Kafin a buɗe taswira

Motar ce ke zaɓa maka hanya, don haka da ita ake farawa. Lambobi uku ya kamata direba ya rubuta ya manna kusa da sitiyari: nauyi, tsayi zuwa sama, da yawan kujeru.

Permi na ƙaramar mota, wato permi B, yana tuƙa kamfin-kar muddin nauyinta da kayanta bai wuce tan 3.5 ba. Matsalar ita ce motar kanta, ba kowa a ciki, ta riga ta cinye mafi yawan wannan nauyi. Abin da ya rage ƴan ɗaruruwan kilo ne, kuma cikinsu za a lissafa mutane, da butel ɗin gaz, da ruwa. Tankin lita 100 idan ya cika, kilo 100 ne cif. Mu kuwa an san mu da kaya: buhun shinkafa, tukunyar da ke ciyar da unguwa, akwatin kowa daban. Jandarma na da ikon kai mota kan sikeli, in ta wuce akwai tara, kuma in aka yi hatsari da mota mai kiba, kamfanin asirans ya sami abin kamawa. Dabarar tsofaffin hannu ita ce a tashi da ruwa kaɗan, a cika tanki a masauki.

Kujeru kuma abin da kat giriz ta faɗa shi ne doka. Mota na iya kwantar da mutum shida amma ta ɗauki huɗu kawai a kan hanya. Kowa sai ya zauna a kujera mai bel, yaron da bai kai shekara 10 ba kuma a kujerar yara. Babu kwanciya a gado mota na tafiya, babu tashi a ɗora shayi. Tarar rashin ɗaura bel yuro 135 ce, kusan jaka 89 na sefa, kuma ita ce mafi sauƙin abin da zai iya faruwa.

Sai maganar permin kansa. Wanda aka samo a ƙasar da ba ta Turai ba, shekara guda Faransa ke amincewa da shi bayan mutum ya sami takardar zama, ban da ɗalibai da ke da nasu sassauci. Masu ba da haya, ko kamfani ko masu motoci da ke sa su a Yescapa da Wikicampers, galibi suna neman direban da ya yi shekaru da permi, suna kuma riƙe kuɗin ajiya mai kauri a katin banki. A karanta ko an ƙayyade yawan kilomita a rana.

Hanya biyu, hali biyu

Wayar salula za ta fara nuna maka hanyar Lyon: otorut A6, sannan A7 da ake yi wa laƙabi da hanyar rana, ta Valence da Orange, sai A9 zuwa Montpellier. Shimfiɗaɗɗiya ce, gidajen mai ba iyaka. Amma kusan duk tsawonta ana biyan peyaj, kuma kamfin-kar ba farashin ƙaramar mota take biya ba. Wadda tsayinta ke tsakanin mita 2 da mita 3 tana aji na biyu. Wadda ta kai mita 3, kamar yawancin masu ɗaki a saman kan direba, waɗanda iyalai masu yara suka fi so, tana faɗawa aji na uku, jerin manyan motoci. Idan injin ƙofa ya sa ka a ajin da ba naka ba, akwai maɓallin kira. A danna kafin a biya.

Wannan hanya kuma ita ce kowa ke bi. Hukumar Bison Futé, mai hasashen cunkoso, tana shafa wa ranaku launi: kore, ruwan lemo, ja, baƙi. Asabar ɗin ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, lokacin da masu dawowa ke cin karo da masu tafiya, ita ce ta saba yin baƙi. Ƙara da iskar Mistral da ke busawa a kwarin kogin Rhône, wadda ke kaɗa doguwar mota mai faɗin jiki kamar tabarma a igiya.

Ɗaya hanyar ta tsakiyar ƙasa ce: A10 zuwa Orléans, A71 ta Bourges zuwa Clermont-Ferrand, sannan A75 har kudu. Ana biya har Clermont-Ferrand, daga nan kuma sama da kilomita 300 kyauta ne, in ban da gadar Millau. A ganina ita ta fi dacewa da iyali, amma tana da nata sharaɗi. Hanyar duwatsu ce. Tana hawa har mita 1,121 a Col des Issartets, mota mai nauyi za ta sha gazuwal fiye da lita 10 zuwa 12 da ta saba sha a kilomita 100, kuma gidajen mai ba su kai na hanyar Lyon yawa ba. Gangaren Pas de l'Escalette, kafin Lodève, yana son a saukar da giya a bar inji ya riƙe mota. Wanda ya danne birki tun daga sama zai ji ƙaurinsa kafin ya isa ƙasa.

Gadar Millau kanta abin kallo ce. An buɗe ta a Disambar 2004, tsawonta mita 2,460, ƙololuwarta mita 343, ta ɗara hasumiyar Eiffel. Kuɗin hayewarta yana ƙaruwa a lokacin zafi. Mai son ya tsira da kuɗinsa yana iya sauka cikin garin Millau ya sake hawa ta ɗaya gefen, kuma daga ƙasa ne ma yara za su fi ganin girmanta.

Abu ɗaya da manhajar taswira ta yau da kullum ba ta sani ba: tsayin motarka. Za ta iya tura ka ramin Duplex na A86 a yammacin Paris, wanda mita 2 kacal yake bari, ko ƙarƙashin wata tsohuwar gadar jirgin ƙasa a ƙauye. A yi amfani da manhajar da ake shigar wa da ma'aunin mota, a kuma riƙa karanta allo da ido.

Ina za a kwana?

Nan ne tafiya ke daɗi ko ta lalace. A dokar Faransa, ajiye mota daban, yin zango daban. Kamfin-kar na iya tsayawa inda aka yarda ƙaramar mota ta tsaya, har a kwana a ciki, in dai magajin gari bai kafa allon hani ba. Amma da ka fito da tebur da kujeru, ka buɗe rumfa, ko ka sa wa taya matashi don daidaita mota, ka zama mai zango, shi kuwa zango a kan titi haramun ne. Haka ma a bakin teku da kewayen gine-ginen tarihi. Mu da ba mu iya cin abinci sai an shimfiɗa tabarma, wannan layi ne mai saurin tsallakewa. A garuruwan bakin teku ma ba a tsaya dogon bayani: ƙarfe ake gittawa a ƙofar fakin, wajen mita 2 daga ƙasa.

Filayen hutawa na bakin otorut an yi su ne don tsayawar da ake so direba ya yi duk bayan awa biyu. Ana iya yin gyangyaɗi, amma waɗanda suka daɗe a harkar ba sa kwana da iyali a can, musamman a A7 da A9, saboda ƙarar manyan motoci da ɓarayin dare. Fita kilomita goma daga babbar hanya ya fi.

Masauki na gaskiya iri uku ne. Akwai filayen da ƙananan hukumomi ko ƴan kasuwa suka ware wa irin waɗannan motoci, da famfon ruwa da ramin zubar da ƙazanta, wani lokaci da wutar lantarki. Wasu kyauta ne, wasu kamar yuro 15, kusan jaka 10. Sun dace da kwana ɗaya, sai dai sau da yawa kwalta ce kawai, mota jikin mota, ba wurin da yaro zai yi gudu. Akwai kuma sansanonin zango, waɗanda Faransa ke da sama da 7,000, tun daga na magajin gari mai sauƙin kuɗi har mai tauraro biyar da tafkin iyo. Nan akwai banɗakuna, injin wanki, ciyawa da inuwa, kuma nan ne za ka shimfiɗa tabarmarka ba mai ce maka kanzil. Ana lissafi da kan mutum, don haka iyali mai yawa ya tambayi jimilla tukuna. A bakin teku cikin Agusta, wanda bai kama wuri tun da wuri ba zai yi ta yawo daga ƙofa zuwa ƙofa.

Na uku shi ne gonakin France Passion, tsarin da aka fara a 1993: ka sayi littafin shekara, manomi ya ba ka wuri a gonarsa na awa 24 ba ko sisi. Babu ruwa ko wuta da aka yi maka alkawari, sai motar da ta wadatu da kanta. Da yawa daga masu masaukin masu gonar inabi ne masu sayar da giya, kuma ko da yake saye ba dole ba ne, ladabi ne a leƙa shagon. Iyalin da giya ba ta shafe su ba sai su zaɓi masu zuma, kayan lambu ko cukun tumaki, wanda yankin Millau ya yi suna da shi. Yaron da aka haifa a Saint-Denis, wanda bai taɓa ganin ana tatsar tunkiya ba, zai sami abin ba kakarsa labari a waya.

Manhajar Park4night tana nuna duk waɗannan wurare da ra'ayin waɗanda suka kwana. A duba kwanan watan ra'ayin. Wurin da aka yaba shekara uku da suka wuce, yau wataƙila an gitta masa ƙarfe.

Rabon kwanaki

Ƙaramar mota na cinye Paris zuwa Sète a yini ɗaya. Da kamfin-kar da yara, kilomita 250 zuwa 300 a rana sun isa. Daren farko a wajen Bourges, kimanin kilomita 240, saboda ranar farko rabinta a karɓar mota da lodi take tafiya. Na biyu a Saint-Flour, garin da ke zaune a kan dutse, kusa da gadar Garabit da kamfanin Eiffel ya gina. A fito da bargo, don a wannan tudu dare na sanyi ko a Agusta. Na uku a bakin kogin Tarn a Millau, kuma nan zan ba da shawarar a shiga sansani sosai, a yi wanki, a cika batir, a bar yara su huce. Washegari kafin azahar an ga teku.

Kada tsawon rana ya ruɗe ka. A Yuli magariba na kaiwa kusan ƙarfe goma saura a Paris, sai direba ya ga kamar da sauran lokaci. Amma filaye masu kyau suna cika tun la'asar, ofishin sansani kuma yana rufewa da yamma. A sa burin isa ƙarfe biyar, da wuri na biyu a aljihu. Ruwa ma haka: mutum biyar masu alwala da wanka da wanke-wanke ba za su wuce kwana biyu da lita 100 ba, akwatin banɗaki kuma yana neman a juye shi duk kwana biyu ko uku, a ramin da aka tanada kaɗai. Naman halal a saye shi a Paris ko Clermont-Ferrand, don ƙauyukan tudu ba lalle a samu ba, kuma ranar Lahadi da yamma yawancin shaguna a rufe suke.

Zancen gashi: a kudu lokacin zafi ana tsananta dokar wuta saboda gobarar daji, sansanoni da yawa ba sa yarda da gawayi. Kada kuma a kunna murhu a rufe tagogi don ɗumama ɗaki, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari. Lambar gaggawa 112 ce.

Daga tashar Sète jiragen ruwa na tashi zuwa Maroko, kuma duk wanda ya tsaya yana kallon layin motoci masu lodi har sama zai ji zuciyarsa ta ce a ci gaba. Kafin nan a duba takardar haya da ta asirans. Yawancin masu ba da haya ba sa yarda motarsu ta bar Turai sai da izini a rubuce, kuma ana neman sa ne tun ranar da ake kama motar, ba a bakin jirgi ba.