Ko Kun Sani? Laƙabin "Sir" Bai Raba Sardauna da Ƙasarsa Ba

Ko kun san manyan Sakkwato biyu sun karɓi lambar girma daga fadar Ingila, kuma hakan bai taɓa matsayinsu na 'yan ƙasa ba? Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan karaga, daga 1938 zuwa 1988, ya samu laƙabin "Sir" a shekarun 1950. Sardauna Ahmadu Bello ya samu nasa a 1959, ana gab da samun 'yancin kai. Har gobe da "Sir" ake rubuta sunansa.

Ko a yau, kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai sa karɓar sarautar wata ƙasa cikin abubuwan da ke raba mutum da ƙasarsa ba. Abin da sashe na 28 ya tsananta a kai shi ne karɓar zama ɗan wata ƙasa, shi ma bai shafi haifaffen ɗan Najeriya ba. Wannan kariya ce babba, kuma ta dace.

A Amurka kuwa saura ƙiris. A 1810 majalisar dokokin ƙasar ta amince da gyaran kundin tsarin mulki wanda zai ƙwace zama ɗan ƙasa daga duk wanda ya karɓi sarauta a hannun wani sarkin waje. Jihohi 12 kawai suka sa hannu, adadin bai kai ba, gyaran bai zama doka ba. Indiya ita ce ta fito fili: sashe na 18 na kundinta ya hana 'yan ƙasar karɓar laƙabin girma daga wata ƙasa.