Roket, kan jirgin ƙasa da ya kada doki

Kowa ya san yadda marufin tukunya yake rawa in ruwa ya tafasa. Tururi ne ke ɗaga shi. To, da wannan ƙarfi ne jiragen ƙasa na farko suka yi tafiya.

A ƙasar Ingila akwai garuruwa biyu, Libaful da Mancesta. Tsakaninsu kilomita 50. Jiragen ruwa suna sauke kaɗa a Libaful, masaƙu kuwa suna Mancesta. Aka shimfiɗa hanyar ƙarfe, amma aka yi ta gardama bisa abin da zai ja kaya. Sai aka shirya gasa cikin watan oktoba na 1829. Wanda ya ci, kyautarsa fam 500.

Kawunan jirgi biyar suka shiga. Ɗayansu doki aka ɗora masa, yana tattaki, ƙafafun suna juyawa. Bai yi nisa ba. Sauran ma suka kasa. Roket kaɗai ya gama. Robert Stephenson ne ya ƙera shi. Ya ja kaya wajen tan 13, gudunsa ya kai kusan kilomita 48 cikin awa guda.

Mene ne asirinsa? Yawancin na gabansa babban bututu guda ke ratsa tukunyarsu. Shi Roket ƙanana 25 aka sa masa, na jan ƙarfe. Zafin wuta yana bi ta cikinsu, yana taɓa ruwa ta ko'ina. Ruwa ya tafasa da sauri, zafi bai tafi a banza ba.

Tururin yana tura sanduna biyu, suna kai da komo kamar taɓarya a turmi, suna juya ƙafafun gaba. In ya gama aiki, sai ya fice ta bututun hayaƙi, ya jawo iska cikin wuta kamar zuga-zugin maƙeri.

A 1830 aka buɗe hanyar, aka ƙera wasu bisa tsarin Roket. Kusan duk masu tururi da suka biyo baya wannan dabara suka ɗauka, har irin waɗanda suka iso Kano tun 1911. Su ne suka daɗe suna jan gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram zuwa bakin teku.