Kan Mota Ma Yana Bukatar Fenti

Daga Wakilinmu

Makon jiya na ziyarci wani direba ɗan Arewa a Agege, wanda ya kafe tsohuwar motarsa ƙirar Peugeot J5 a ƙofar gida yana gyaranta da kansa. Gefunan motar sun sha fenti sai ƙyalli suke yi. Amma da na taka duro na leƙa sama, sai na tarar da rufin ya yi jajawur da tsatsa, har da ƙananan huji guda uku inda ƙafafun kariya suke zaune. Ta nan ne ruwa yake ɗiga a kan buhunan busasshen barkonon da yake kawowa kasuwar Mile 12, har masu kaya suka fara gudunsa.

Ba shi kaɗai ba ne. Ita dai wannan mota an fara ƙera ta a 1981, a 1994 kuma Boxer ta gaje ta, watau ke nan ƙaramar cikinsu ma ta haura shekara 30. Tsayinta ya wuce mita 2, saboda haka mai ita yakan shekara bai ga kanta ba. A Arewa rani yakan rufa masa asiri. Amma fa a Ikko, inda ake ruwa tun daga Afrilu har Oktoba, ga kuma iskar teku mai gishiri, ƙarfen da fenti ya bari ba ya jimawa. Kwanduna da igiya su goge fentin, ruwa ya kwanta a 'yar kwatar da ta zagaye rufin, tsatsa ta ci gaba da aikinta.

To, babbar wahalar aikin ita ce isa wurin. Kada mutum ya kuskura ya hau rufin ya tsaya, domin kaurin kwanon bai fi milimita 1 ba, yana takawa zai lotsa, ya jawo wa kansa kuɗin fanalbita. Tsani ma ba shi da amana. Mai riƙe da bindigar feshi a hannu ɗaya da tiyo a ɗayan, da me zai kama? Abin da ya fi shi ne a jera duro biyu a kowane gefe, a cika su da ruwa don su yi nauyi, a gitta katako mai kauri a ɗaure shi tamau, yadda mutum zai yi tafiya daga goshin mota zuwa bayanta ba tare da ya sauka ba. Direban nan ya riga ya ɗanɗana: tsani ya zame da shi, ya yi kwana goma yana jinyar ƙugu, motar kuwa tana tsaye ba ta kawo ko kwabo.

Lalle ne a kwance kariyar tukuna. Sa'an nan a kankare tsatsar da samfefa mai kaushi, lamba 80, har ƙarfe ya fito fari, a bi da mai lamba 180, a ƙare da 320. Huji kuwa sai mai walda. Waɗanda suke cusa fila a cikin rami su shafe, kansu suke cuta, gama damina ɗaya za ta tona su. Bayan haka a shafa jan fentin nan na maganin tsatsa a ranar da aka kankare, kada a bar ƙarfen ya kwana tsirara, raɓar dare ta isa ta maido da aiki baya.

Kuskuren da mutumin namu ya yi shi ne fara gefuna. Rufi ake farawa, domin abin da ya fantsama ƙasa yake yi. Yanzu tilas ya lulluɓe gilasai da sabon fentin da takardu. Wajen feshin, a fara daga tsakiyar rufin a taho baki, a zagaya ɗaya gefen maza-maza kafin na farko ya bushe, bindiga kuwa ta yi nisan taki ɗaya daga ƙarfe. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri. Wanda ba shi da injin feshi, buroshi mai laushi ma ya wadatar, tun da ba ado ake nema a can sama ba.

Kazalika a sa takunkumi na sosai. Fentin da ake haɗa shi da maganin ƙarfafawa yana da guba mai lahanta huhu, ƙyallen rawani ba ya tare ta, madarar da masu fenti suke sha bayan aiki kuwa ba ta wanke kome.

Game da launi, ni dai fari na zaɓa, domin yana mayar da zafin rana, tumatir da fasinja duka su sami sauƙi. Lokaci kuwa, a nemi safiyar da gari ya bushe, bayan raɓa ta ɗauke, ba cikin ƙurar hunturu ba. Da na baro Agege hadari ya haɗo, direban kuwa yana ta fama da tamfol.